Remington 870 ko Mossberg 500: wacce za ta jure ƙurar Adar?

Ɗan Keita: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema a kan bindigogi biyu masu pompo, wato waɗanda ake jan mariƙin gaba a mayar don ɗora kartushi, kalibar 12: Remington 870 da Mossberg 500. Dukansu na hannu ne, tsawon bututu santimita 71, gindin katako. Aikinsu zabin daji, fakara, zomo da kurciya, sai korar dila daga garke. Wacce ta fi jure ƙura, kuma wacce ta fi sauƙin gyara a nan Tawa inda kayan gyara ba su samuwa?

Alhaji Na-Konni: Wa alaikumus salam. Ɗana, ɗauki Remington. Tun 1950 ake ƙera ta, an sayar da sama da miliyan 11. Akwatinta, wato gidan da sakata, ƙarfen da ke toshe bayan kartushi, ke kai da komo a ciki, daga dunƙulen ƙarfe guda aka sassaƙo shi. Na Mossberg alminiyom ne. Riƙe mariƙin gaba na kowacce ka girgiza: na Mossberg yana ƙwal-ƙwal, na Remington shiru. Zabon daji kuwa kunne gare shi.

Baba Mai Gyara: Alhaji, Allah shi ja kwana, maganar akwatin alminiyom tana son gyara, don ita ce ke ruɗin mutane. A Mossberg sakatar ƙarfe ce, kuma ba jikin akwati take kullewa ba. Tana shiga wani gurbi ne a gindin bututu, shi ma ƙarfe. Lokacin da albarushi ya tashi, ƙarfe ne ke danne ƙarfe, akwatin riƙo kawai yake yi. Tun 1961 take a kasuwa a haka, kuma da akwatin yana tsagewa da duniya ta ji. Alminiyom ma ba ya tsatsa. Ƙarar mariƙi gaskiya ce, amma sakin da ke kawo ƙarar shi ne ke ba rairayi hanyar fita maimakon ya cije.

Kafin a ce Remington, a tambayi wacce. Akwai Wingmaster, mai sheƙi, wadda aka goge cikinta sosai. Akwai Express, wadda ta fito a 1987 don rage kuɗi, fatarta garje-garje kamar bakin tukunya. Suna ɗaya, aiki ba ɗaya ba. Ɗan Keita, duba gefen hagu na akwatin ka gaya mana abin da aka rubuta.

Ɗan Keita: Baba, an rubuta 870 Express Magnum.

Baba Mai Gyara: To, ga abin da za ka sani game da ita. Fatar nan garje-garje tana shan gumi. Ka riƙe ta da hannu mai zufa a watan Agusta ka jingine, kwana biyu za ka ga ja-ja a inda yatsunka suka taɓa. Maganinsa tsumma mai ɗan mai bayan kowace fita, ba fashi. Na biyu, ɗakin kartushi na Express, wato wurin da kartushi ke zama a gindin bututu, da yawa bai sami gogewa mai kyau ba daga masana'anta. In aka haɗa shi da kartushi mai arha sai kwanso ya manne bayan halbi, ka ja mariƙi ya ƙi zuwa. Dalili shi ne gindin kartushi mai arha ba tagulla ba ne, baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ruwan tagulla. Tagulla in ta buɗe da matsin halbi tana komawa, ƙarfe kuwa in ya buɗe sai ya tsaya a buɗe ya kama bango. Gwada da mayen ƙarfe: in ya kama gindin kartushin, ƙarfe ne. Gyaransa a cire bututu, a naɗa soson ƙarfe mafi laushi a kan buroshin wanki, a ɗiga mai, a goge ɗakin kaɗai har ya yi santsi. Gogewa ake yi, ba ci ba. Kada a sa takarda mai yashi ko zarto, in ɗakin ya faɗaɗa bututun ya tashi aiki.

Na uku shi ne ya fi damuna. Ɗan ƙarfen da ke cilla kwanso waje, ejektar, a Remington daddale shi aka yi da ƙusa biyu a jikin akwati. In ya karye sai mai gyara da ke da kayan daddalewa na musamman. A Mossberg ƙusa ɗaya mai murɗawa ke riƙe da shi, ka kwance ka sa sabo cikin minti biyar. Sannan ƙugiyar da ke jawo kwanso daga ɗaki, Remington ɗaya gare ta, Mossberg biyu, dama da hagu.

Alhaji Na-Konni: Baba, na yarda da tsatsar Express, ba gardama. Amma ejektar nawa ka san ta karye a hannun mai halbin zabo, wanda kwali huɗu ko biyar na kartushi ke kai shi shekara? Abin da ke faruwa kullum shi ne ƙura a rumbun kartushi, bututun ƙasa ke nan. A nan Remington ta yi gaba. Ka kwance murfin gaba, ka cire abin da ke tare rasor, wayar nan mai murɗi da ke tura kartushi, sai rasor da ɗan kofin da ke kansa su fito ta gaba. Ka zura tsumma daga baki har gindi, ka gama. Rumbun Mossberg 500 a toshe yake ta gaba, don a nan ƙusar da ke riƙe bututu take shiga. In kana son wanke cikinsa sai ka kwance rumbun gaba ɗaya daga jikin akwati, kuma a ɗaure yake tam. Mutane kan kama shi da filaya su lotsa shi, daga ranar kartushi ya daina tafiya daidai. Da hunturu, lokacin da hazo ke rufe Tawa har ba a ganin ƙarshen titi, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Baba Mai Gyara: Wannan gaskiya ce, Alhaji, kuma ita ce babbar illar 500. Shi ya sa suka yi 590 mai buɗaɗɗen rumbu. Mai 500 ya naɗa fata ko robar tayar keke a rumbun kusa da akwati, ya murɗa da hannu biyu. In ya ƙi, a kai wa mai gyara. Sau ɗaya a shekara ya isa, bayan hunturu. Kuma cikin rumbu ba a sa mai ko ɗigo, a kowacce daga cikinsu. Busasshe ake barinsa.

Bahago: Ku ba ni dama in sa baki a kan sekirite, makullin da ke hana jan kunama, don mu masu hannun hagu a nan ne zaɓi ke yankewa. Na Mossberg a bisa yake, a bayan akwati, daidai inda babban yatsa ke kwanciya. Ka tura gaba, jan ɗigo ya bayyana, ta shirya. Dama ko hagu duk ɗaya, kuma idonka na ganinsa ba sai ka juya bindiga ba. Na Remington maɓalli ne a bayan zoben kunama, ana tura shi daga dama zuwa hagu. Ga na-dama daidai ne, yatsan halbi ke tura shi. Bahago sai ya zagayo da yatsa ta ƙarƙashi, kafin nan fakara ta shige ƙaya. Haka ɗan ƙarfen da ake dannawa a buɗe sakata ba tare da halbi ba: a Mossberg yana bayan zoben kunama, yatsan tsakiya na kai masa, a Remington yana gaban zoben, sai ka saki riƙo.

Injiniya Yamai: Yaya Bahago, ƙara da cewa maɓallin sekirite na 500 roba ne, ƙusa ɗaya ke riƙe shi, a ƙarƙashinsa akwai ƴar ƙwallon ƙarfe da ɗan rasor. In ƙusar ta saki ko robar ta tsage da zafin rana, ƙwallon ta faɗi cikin rairayi, ba mai sake ganinta. Daga nan sekirite sai ya riƙa zamewa da kansa, wanda ya fi rashinsa haɗari. Akwai na ƙarfe da ake sauyawa, irin wanda ke kan 590A1 ta soja. Zoben kunama na 500 shi ma roba ne. Wanda zai saya ya tura sekirite gaba da baya sau goma, kowane turi ya ji ya ce ƙas ya tsaya.

Abu ɗaya da ya shafi dukansu: sekirite kunama yake tarewa. Bai ba da tabbacin cewa in bindiga ta faɗi da ƙarfi ba za ta tashi ba. A kan babur, a cikin amalanke, wajen tsallake shinge ko gangara kwazazzabo, ɗaki ya zama babu kartushi. A rumbu su zauna, ja ɗaya ne ya kawo su.

Sarkin Baka: Yara, kun daɗe a kan ƙarfe. Zabo bai san sunan kamfani ba. Abin da ke kayar da shi shok ne da lambar dalma da nisan da ka tsaya. Ɗan Keita, leƙa bakin kowacce, bayan ka tabbatar babu komai ciki kuma sakata a buɗe take. Shok ɗin na murɗawa ne ko tare aka ƙera shi da bututu?

Ɗan Keita: Ranka shi daɗe, dukansu na murɗawa ne. Na Remington guda ɗaya ne a ciki, mai tsaga uku a baki. Mossberg an haɗo da guda uku a leda.

Sarkin Baka: To wannan ya fi duk abin da aka faɗa nauyi. Shok maƙurewar bakin bututu ce. Faɗin cikin kalibar 12 kusan milimita 18.5 ne. In an maƙure bakin da rubu'in milimita, shi ne shok na kwata. Rabin milimita shi ne rabi, mai tsaga uku, irin wanda ke kan Remington ɗin. Kusan milimita ɗaya shi ne cikakke, mai tsaga ɗaya. Ana auna su da yawan dalmar da ke faɗawa cikin da'ira mai faɗin santimita 76 daga nisan mita 35: kwata wajen kashi 50 cikin ɗari, rabi wajen 60, cikakke wajen 70.

Fakara da zomo a cikin sabara da geza kusa suke tashi, mita 15 zuwa 25. A nan kwata ya fi, don cikakke a wannan nisa ko ka kuskure ko ka dagargaza naman. Zabin daji a fili, irin fakon da ke kan duwatsun Keita da Buza, ba su bari ka matso, gashinsu kuma kauri gare shi. Su rabi ko cikakke suke so. Bindiga mai shok uku ta ba ka duka. Mai ɗaya ta tsayar da kai a tsakiya, wanda ba laifi ba ne, rabi na yin yawancin aiki, amma neman ƙarin shok a ƙasar nan wahala ne. Kuma na Remington ba ya shiga Mossberg, na Mossberg ba ya shiga Remington, zaren murɗinsu daban ne. Wanda ya tilasta ya kashe bututu.

Dalma kuma: lamba 7 faɗinta milimita 2.5, lamba 6 milimita 2.75, lamba 4 milimita 3.25. A kartushi mai giram 32 za ka sami ƙwaya wajen 345 na lamba 7, wajen 260 na lamba 6, wajen 155 na lamba 4. Kurciya da hasbiya lamba 7. Fakara da zomo lamba 6. Zabo lamba 5 ko 4. Ƙaramar dalma yawa gare ta amma ƙarfinta na mutuwa da wuri, babba na kai nisa amma tsakanin ƙwaya da ƙwaya akwai ramin da kurciya za ta bi ta wuce. Bayan mita 40 kada ka halba ko da wace lamba ce. Raunata dabba za ka yi ta je ta mutu a rami, ba kai ba ta, alhaki kuma a wuyanka. Wadda ka tarar da sauran rai, wuƙa na aljihu, ka yanka nan take.

Injiniya Yamai: Baba Sarki ya kawo awo, bari in faɗi yadda ake gwadawa, don abin da aka rubuta a jikin shok ba kullum yake zama abin da bututu ke yi ba. A sami kwali mai mita ɗaya da wani abu kowane gefe, a kafa shi gaban tudu ko gangaren da zai tare dalma. A yi baƙin ɗigo a tsakiya, a auna mita 35 da igiya, ba da taki ba. A halba sau ɗaya. A duba inda dalma ta fi taruwa, a kafa ƙusa a nan, a ɗaura zare mai santimita 38, a zana da'ira. A ƙirga ramukan ciki. Lamba 6 giram 32 da shok rabi ya kamata a ga wajen 155. A maimaita sau uku da sabon kwali, don halbi ɗaya ba ya ba da hukunci. Abu biyu ake nema: ko tsakiyar tarin ta dace da ɗigon da aka saita, da ko akwai fili marar rami wanda ya kai tafin hannu. In tarin ya karkata gefe ɗaya a duk ukun, ko bututun ya lanƙwashe ko shok ya zauna a karkace. In mai sayarwa ya ƙi a yi gwajin nan, a bar masa kayansa.

A kuma haska cikin bututu a duba ko santsi ne. Wasu masu pompo da aka yi don kasuwar Faransa cikin bututunsu na da tsaga a murɗe, saboda dokar can ta tsananta a kan mai pompo mai santsin ciki. Irin wannan bututu na harsashi guda ne. In ka sa dalma, murɗin na juya kofin robar da ke riƙe da ita, sai ta watse kamar zobe, tsakiya fayau. Ga mai neman zabo ba ta da amfani.

Tsohon Ma'aikacin Daji: Ɗan Keita, kafin kuɗi su fita daga aljihunka, takarda. Izinin riƙe makami daban, daga hukumomin cikin gida yake fitowa, kuma da sunanka da lambar bindigar yake tafiya. Takardar wanda ya sayar maka ba ta rufe ka. Izinin farauta kuma daban, wajen ma'aikatan gandun daji. Dokar da ke tafiyar da farauta a Nijar ita ce mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998. Lokacin farauta hukuma ke buɗe shi ta rufe, ka je ofishin muhalli na jiha ka ji halin da ake ciki kafin ka fita. Farautar dare da fitila haramun ce a doka, haka bin dabba da mota. Raƙumin dawa da jimina da irinsu ba a taɓa su sam, gandun da aka keɓe kamar Gadabeji ba a shiga da bindiga. Ka kuma san halin tsaro a arewacin jihar nan, wajen Tiliya da Tasara. Mutum da bindiga a kafaɗa a wannan yanki, ko da takarda, yana jefa kansa cikin abin da ya fi ƙarfinsa. In lambar da ke jikin akwati an goge ta ko an sake buga ta, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Alhaji Na-Konni: Malam ya faɗi gaskiya. In koma kan tawa: kalmar Magnum da Ɗan Keita ya karanto tana nufin ɗakin na milimita 76 ne, yana cin kartushi 70 da 76 duka. Amma a karanta jikin bututun shi ma, don ana sauya bututu. Tsofaffin Wingmaster da yawa 70 ne kawai. A tsofaffin lambobi harafin ƙarshe na faɗa: V na 70 ne, M na 76. Haɗarin shi ne kartushi 76 na shiga ɗakin 70 lafiya lau, saboda tsawon da ake rubutawa na kwanson da ya riga ya buɗe ne. In ya tashi, bakinsa ba ya samun wurin buɗewa, sai ya buɗe cikin maƙogwaron bututu, matsi ya haura abin da aka ƙera ta ta ɗauka. Ga tsuntsu ma ba ka bukatar 76. Dukan kafaɗa ne kawai da tsadar kuɗi, kuma mai tsoron dukan bindigarsa runtse ido yake yi kafin ya ja kunama.

Baba Mai Gyara: Tunda an zo nan, bari in jero abin da ke fasa bututu, don ba sunan kamfani ke hana shi ba. Kartushin kalibar 20 a aljihu ɗaya da na 12: na 20 na zamewa ya wuce ɗaki ya tsaya a gaba, mutum ya ga ɗaki fayau ya sa na 12 a bayansa. Laka ko rairayi a baki bayan an yi tuntuɓe. Sai zanzaro. Bindigar da aka rataye wata biyu a ɗaki, zanzaro na gina gidan laka a cikin bututunta, daga waje ba ka ganin komai. Kowace fita, buɗe sakata ka leƙa ka ga haske ya ratsa. In halbi ya yi ƙara marar ƙarfi, fus, tsaya. Kofin roba na iya maƙalewa a tsakiya, na biyun da za ka sa shi ne mai fasawa. In kuma ka ja kunama ta ce ƙas ba ta tashi ba, bar bakin a inda yake, ƙirga talatin, sannan ka buɗe.

Cijewa kuwa, kaso mafi yawa daga hannu ne. Mai pompo na son a ja ta har ƙarshe da ƙarfi, a mayar har ƙarshe da ƙarfi. Wanda ya ja rabi don sauri, ko kwanso ya tsaya a ƙofa, ko sakata ta koma kan ɗaki babu komai. A nan ma akwai bambanci. Cokalin da ke ɗaga kartushi zuwa ɗaki, a Mossberg yana naɗe a sama in sakata na rufe, ƙofar ƙasa a buɗe take, kana cusa kartushi ba abin da ke cizon yatsa. A Remington cokalin a ƙasa yake, sai ka tura shi sama da kartushin. In ba ka tura kartushi ya wuce maƙallin rumbu har ya ce ƙas ba, yana dawowa ya kwanta tsakanin cokali da sakata. A tsofaffin 870 wannan na kulle bindiga gaba ɗaya. Daga baya sun yi wa cokalin tsaga mai kamar harshe don a iya ja da ƙarfi a wuce. Express ɗinka ka duba cokalinta, in da tsagar, an rage matsalar. Amma a ba Remington haƙƙinta: cokalin nan da ke ƙasa na rufe ƙofar, yana rage ƙura da ƙaiƙayi shiga ciki.

Ɗan Keita: Baba, wane mai za a sa, kuma yaya ake kwance su?

Baba Mai Gyara: Da farko a fitar da komai, a duba ɗaki da ido, a taɓa kofin rumbu da yatsa. Remington: ja mariƙi rabi, kwance murfin rumbu, zare bututu. Ƙusa biyu marasa zare ke riƙe gidan kunama, tura su waje ya fito. Danna maƙallin kartushi na hagu daga ciki, mariƙi da sandunansa biyu da sakata su zamo ta gaba. Mossberg: ja mariƙi rabi, kwance ƙusar gaba, zare bututu. Ƙusa ɗaya ke riƙe gidan kunama. Amma da ka cire shi, ƴan sanduna biyu sirara da ke tare kartushi a rumbu za su faɗo, don shi ke danne su. Shimfiɗa farin zane kafin ka fara, kuma lura da wanne ke dama wanne ke hagu. A Remington waɗannan a daddale suke, ba su faɗowa, sai dai in sun saki da tsufa, mayar da su kuma aiki ne. Gidan kunama in yana waje kada a ja kunama a bar guduma ta faɗi a banza, kuma kada a warwatsa cikinsa. Buroshin haƙori da iska sun isa.

Mai kuwa, a ƙasarmu ƙarancinsa ya fi yawansa. Mai da ƙura in sun haɗu sun zama abin wasa wuƙa, su ke cin sanduna. Ɗigo ɗaya a kowace sanda, ɗigo ɗaya a jikin sakata, a shafe da tsumma har ya zama ƙyalli kawai. Man keken ɗinki na yi in babu na bindiga. Man gyaɗa da man kaɗanya na daskarewa su yi danƙo, su riƙe allurar da ke dukan idon kartushi. Baƙin man mota da aka juye datti ne zalla. Shok a kwance shi duk wata, a shafa ɗan giris a zarensa, a mayar a ɗaure, in ba haka ba damina ɗaya ta isa ya manne har abada. Kada a taɓa halbi babu shok a ciki, dalma na cinye zaren. Wajen ajiya a juya baki ƙasa, don mai kada ya gangara ya jiƙa katakon gindi, nan ne yake tsagewa. Ita a kulle, kartushi a wani wuri daban a kulle, inda yara ba su kai. Kartushi kuma ba a barinsa cikin mota da zafin Afrilu, ba a barinsa watanni a rumbu rasor na matse shi, robar na kumbura ta ƙi shiga ɗaki.

Sarkin Baka: A kan korar dila da ka ambata: garke kusa da gida yake, akwai mutane da dabbobi ta kowane gefe. Lissafin da ake yi, faɗin dalma a milimita sau 80 shi ne mitocin da za ta iya kaiwa. Lamba 6 mita 220, lamba 4 mita 260. Harsashi guda irin Brenneke ya wuce kilomita. A bakin ruwa kamar tafkin Tabalak dalma na tsalle a kan ruwa kamar dutsen da yaro ya jefa, ga masunta ga masu shayar da dabbobi. In ba ka ga abin da ke bayan abin da kake nufi ba, sauke bindiga. Da duhu kuwa kare da shingen ƙaya sun fi ta aiki.

Alhaji Na-Konni: To ni dai matsayina: da Wingmaster ce mai lafiya, ba zan saurari kowa ba, santsin janta Mossberg ba ta kai shi. Tunda Express ce mai shok ɗaya, ga Mossberg da shok uku, na sassauta. Nauyinsu ma kusan ɗaya ne, tsakanin kilo 3 da 3 da rabi, Mossberg ta ɗan fi sauƙi a kafaɗa. Tana kuma ɗaukar biyar a rumbu, Remington huɗu, ko da yake mahalbin kirki bai cika kai na uku ba.

Baba Mai Gyara: Ni Mossberg zan ce, da sharaɗi huɗu: sekirite na tsayawa da ƙas, rumbu babu lotsawa ko sawun filaya, duka shok ukun na shiga su fita da hannu, kwali kuma ya nuna tsakiya. In ɗaya ya faɗi, koma kan Express, ka duba ejektar ba ta motsi in ka taɓa ta, ka cire katakon mariƙi ka duba tsatsa a ƙarƙashinsa, don nan take ɓuya.

Ɗan Keita: Na gode iyayena, Allah shi saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe: mai Mossberg ɗin ya ce yana da wani bututu na Maverick 88 da zai ƙara mini. Zai hau?

Injiniya Yamai: Zai hau in kalibar ɗaya ce kuma tsawon rumbunsu ɗaya. Maverick 88 ta gidan Mossberg ce, a Eagle Pass ta jihar Texas ake haɗa ta, bututunsu na musanya. Abin lura shi ne zoben da ƙusar gaba ke ciki: na rumbu mai ɗaukar biyar ba ya dacewa da na mai ɗaukar bakwai, wurin zoben daban ne. Ɗora shi a gaban mai sayarwa, ƙusar ta ɗauru har ƙarshe da hannu, bututun kada ya yi motsi. Karanta jikinsa ka ga 70 ne ko 76, ka leƙa bakinsa, don gajerun bututun Maverick yawanci ba su da shok ko kaɗan, bayan mita 25 dalmarsu ta riga ta watse. Kuma ka nuna shi ga hukuma lokacin yin takarda, a san da shi.